Amsoshin Tambayoyinku: Hannun Maginan Hindu a Tsofaffin Masallatai

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, kuma duka a kan gini suke.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Gusau. Ya ce ya ga hoton wani tsohon masallaci a Delhi ta ƙasar Indiya, ginshiƙansa cike da sassaƙen ƙararrawa da tuluna, har da siffofin mutane da aka goge wa fuska. Yana tambaya, shin masallaci ne da gaske, kuma yaya aka yi haka ta faru?

Malam, masallaci ne. Sunansa Kuwwatul Islam, yana nan a gindin doguwar hasumiyar Kutub Minar. Kutubuddin Aibak, kwamandan Sarki Muhammad na Ghor, shi ya sa aka fara ginin wajen 1193, bayan sun ci Delhi da yaƙi. A ƙofar gabas akwai rubutun Farisanci da ya faɗa ƙarara cewa da kayan wuraren bauta 27 aka yi aikin, kuma sassaƙen ya nuna na Hindu ne da na mabiya addinin Jain. Wato ba kwaikwayo ka gani ba. Ainihin ginshiƙan ne aka rushe, aka kwaso, aka sake kafawa.

Da aka kwaso su sai matsala ta taso, domin gajeru ne. Aka riƙa ɗora ɗaya bisa ɗaya, bibbiyu a Delhi, a masallacin Ajmer ma har uku-uku, shi ya sa za ka ga gindin ginshiƙi da zanensa daban, samansa da nasa daban. Inda akwai siffar mutum ko dabba, ko dai a fasa fuskar da kurfi, ko a juya dutsen ya kalli bango, ko a shafe shi da kwaɓin farar ƙasa. Da shekaru suka tura shafen ya zube, abin da aka rufe ya sake bayyana. Ƙararrawa mai rataye da sarƙa, da tulu mai fitar da ganye, da furen bado kuwa an bar su, tunda ba su da rai.

Amma inda hannun maginan ƙasar ya fi fitowa fili shi ne bangon nan mai baka biyar da aka tsayar a gaban ɗakin salla a 1199, wanda bakansa na tsakiya ya kai kimanin mita 16 tsawo. Wannan sabon dutse ne, ba kwashe ba. Masu mulki sun saba da manyan bakuna irin na Iran da Khurasan, maginan Delhi kuwa sun gaji kafa ginshiƙi a gitta dutse a kai. Ga bambancin. Baka na gaskiya, kafinta ne ke fara ɗaura katako a siffar bakan. A sassaƙa kowane dutse kamar yankan kankana, faɗi a waje, tsukakke a ciki, a jera daga hagu da dama har a zo tsakiya, a cusa na ƙarshe ya kulle su, sannan a zare katakon. Nauyin da ke sama ƙara matse duwatsun yake yi, sai dai yana tura bango waje, don haka dole bangon gefe ya yi kauri.

Maginan Delhi ba haka suka yi ba. Sun kwantar da duwatsun a shimfiɗe, kowane layi ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, hagu da dama suna matsowa har suka haɗu a sama, sannan aka sassaƙe cikin ya yi kamannin baka. Wanda ya taɓa ganin maginin gargajiya yana ɗaura bakan gizo, azara na leƙowa kan azara mataki-mataki kafin a yaɓe, zai gane dabarar nan take. Abin da ke riƙe kowane dutse shi ne nauyin da ke danne wutsiyarsa a cikin bango. In wutsiyar ta yi gajarta, ko ginin da ke danne ta ya zube, sai dutsen ya kife gaba. Kuma duk faɗin da aka ƙara wa ƙofar sai an ƙara mata tsawo mai yawa. In kana son tantancewa ko a hoto ne, dubi layin da ke tsakanin duwatsu: in a kwance yake to irin na leƙowa ne, in kuwa duk layukan sun nufi tsakiyar bakan kamar wayoyin ƙafar keke, to na gaskiya ne. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin na gaskiyar ya zauna a Delhi. Ana ganinsa a kabarin Sarki Balban wajen 1287, sannan cikakke a ƙofar Alai Darwaza da Alauddin Khalji ya gina a 1311. Ko a can ma, an jera 'ya'yan furen bado a ƙarƙashin bakan.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗalibar zanen gine-gine ce a Maraɗi, tambayarta kuma ta zo daidai kan gaɓa. Ta ce, in dai an iya baka da ƙubba tun farkon ƙarni na 14, me ya sa masallatan Gujarat, a yammacin Indiya, da aka gina bayan haka suke cike da ginshiƙai kamar daji?

Malama, wannan zaɓi ne, ba rashin sani ba. Babban masallacin Juma'a na birnin Ahmadabad a Gujarat, wanda Sarki Ahmad Shah ya kammala a 1424, yana da ginshiƙai 260 da manyan ƙubbobi 15. Daga waje bakuna ne manya, da ka shiga kuwa sai ginshiƙi da gittaccen dutse. Masassaƙan yankin sun gaji aikin tun daga kakannin da suka yi wuraren bautar Jain na Dutsen Abu da rijiyoyin nan masu matakala, kuma sarakunan Gujarat sun ga aikin ya fi ƙarfin a yar.

Ƙubbar tasu haka ake ɗaura ta. A kafa ginshiƙai takwas a kewaye, a gitta duwatsu tsakaninsu su ba da kusurwa takwas. A kan wannan a ɗora wani layi mai kusurwa goma sha shida, daga nan a koma da'ira. Kowane zobe a kwance yake, ya fi na ƙasansa tsukewa, har ramin ya rage wanda dutse ɗaya zai rufe, shi kuma a sassaƙa masa furen bado ya rataye ƙasa. Ba a bukatar katakon tallafi irin na baka, kuma ba ta tura bango sosai. Illarta ita ce ba ta yin faɗi, shi ya sa maimakon ƙubba ɗaya ƙatuwa sai a jera ƙanana da yawa.

Ga kuma dalilin yawan ginshiƙan. Dutse na jure danna, ba ya jure lanƙwasa. In aka gitta shi a kan tazara mai nisa, ƙasansa ne ke fara tsagewa a tsakiya. Don haka ake matso da ginshiƙai kusa, a kuma sa musu kafaɗu a sama su rage tazarar. Kin ga ribar ta zo da asara, domin ginshiƙan na yanke sahu, suna kuma tare wa mamu ganin liman. Wata matsalar ita ce ƙarfen da ake ɗinke duwatsu da shi. In ruwa ya sami hanya ya yi tsatsa, sai ya kumbura ya fasa dutsen da aka sa shi ya riƙe. Hasumiyoyi biyu na masallacin Juma'ar Ahmadabad kuwa girgizar ƙasa ta 1819 ce ta kayar da samansu.

Abin da suka fi burge mu da shi shi ne haske. A ɗaga ƙubbar tsakiya bisa wani jerin ginshiƙai na sama, a toshe tsakaninsu da allon dutse mai huji-huji kamar rariya, wanda suke kira jali. Iska ta shiga, haske ya shiga, rana ba ta faɗo kan mai salla ba. Mafi shaharar jali a birnin yana masallacin Sidi Sayyid na wajen 1573, inda aka sassaƙa bishiya da rassanta a dutse. Shi Sidi Sayyid ɗin kuwa daga cikin Habashawan da suka yi wa sarakunan Gujarat aiki yake.

A nan za mu ɗan ja hankali. Kalmar tasirin Hindu takan ruɗi mutane. Tsarin masallacin bai canza ba: bangon alƙibla, wanda a Indiya yamma yake kallo ba gabas irin namu ba, da mihirabi, da fili mai faɗi don sahu. Ɗakin bautar Hindu kuwa zuciyarsa ƙaramin ɗaki ne mai duhu. Abin da aka ara sana'a ce da ado, wani lokacin ma yanayin ƙasa ne kawai ya yi hukunci.

Wannan ya kawo mu wasiƙa ta uku, daga wani ɗan kasuwa a Zangon Kumasi, mai tambaya ko gaskiya ne akwai tsofaffin masallatai a Indiya da wasu ƙasashen Asiya da ba su da ƙubba ko hasumiya.

Gaskiya ne, Alhaji. A Kerala ta kudancin Indiya, inda damina ke da ƙarfi, masallacin Mishkal na birnin Kalikut, na ƙarni na 14, katako ne hawa-hawa da rufin tayil mai gangara, irin na wuraren bauta da manyan gidajen yankin. Hawa biyar ne da, Turawan Fotugal suka cinna masa wuta a 1510, yanzu huɗu ne. A Bangal dutse ya yi ƙaranci, sai aka koma jan bulo, aka kuma lanƙwasa bakin rufi kamar bukkar gora don ruwa ya zurare. A tsibirin Java na Indonesiya, masallacin Demak rufinsa hawa uku ne bisa manyan ginshiƙan katako huɗu. A garin Kudus na wannan tsibiri na Java kuwa akwai hasumiya, ta 1549, amma da jan bulo aka yi ta a siffar hasumiyar wuraren bautar Hindu na tsibirin, kuma a samanta aka rataye babbar ganga da ake bugawa in lokacin salla ya yi.

Lokaci ya ƙure mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.