Anand, garin madara: yadda gundumomin Gujarat suka haɗa kai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga jihar Gujarat nake magana da ku, a yammacin Indiya, cikin wani ƙauye kusa da garin Anand. Daga Vadodara inda nake karatu, tafiyar ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa. Ku yi haƙuri da ƙarar babura, lokacin kawo madarar yamma ne.

Ku dubi layin nan da ke bayana. Galibinsu mata ne, kowacce riƙe da ɗan tulun ƙarfe. Wata saniya ɗaya gare ta, wata ɓauna biyu, irin ɓaunar gida da ake kiwo a nan ana tatsa. Bari in matso ku gani da kyau. Ana ɗora madarar a kan sikeli, a ɗebi kaɗan a zuba wa wannan na'urar, ita kuma ta faɗi yawan maiƙon da ke ciki. Da nauyi da maiƙo ake lissafin kuɗi, shi ya sa madarar ɓauna ta fi ta saniya daraja, don ta fi maiƙo. Takarda ta fito, a miƙa wa mai ita, kuɗin kuma ya shiga asusunta. Babu taya, babu albarka, babu "ki dawo gobe". Wadda ta kawo lita guda da wanda ya kawo hamsin, farashi ɗaya ake yi musu. Safe da yamma haka ake yi, duk ranar Allah. Wancan babban tankin na ciki shi ke sanyaya madarar har tanka ta zo ta kwashe.

Wannan ɗakin ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba. Ƙungiyar gama-kai ce ta masu kawo madarar, kowane mamba ƙuri'arsa ɗaya.

Asalin abin ƙorafi ne. A 1945 gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta bai wa kamfanin Polson damar tara madarar gundumar Kaira, wadda Anand ke cikinta a lokacin, yana kaiwa Bombay, wato Mumbai ta yanzu. 'Yan kwangila ke yanka farashi yadda suka ga dama, manomi kuwa ba shi da ta cewa, tunda madara ba ta jira. Suka kai kuka wurin Sardar Vallabhbhai Patel, jigo a gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, wanda ɗan yankin ne. Ya ce su kafa ƙungiyarsu, in an hana su kuma su hana madara. Haka aka yi, kwana goma sha biyar babu madarar Kaira a Bombay. Ranar 14 ga Disamba 1946 aka yi wa ƙungiyar rajista, Tribhuvandas Patel na shugabanta. Da ƙauyuka biyu suka fara, da madarar da ba ta wuce lita 250 a rana ba. A 1949 wani matashin injiniya ɗan Kerala, Verghese Kurien, ya zo Anand aikin gwamnati, daga baya ya koma aiki da manoman, bai bar garin ba har ƙarshen rayuwarsa. Sunan Amul da kuke gani a jikin man shanu da cuku a kowane kanti na Indiya, nasu ne.

To, ga abin da ya sa na ɗauko kyamara. Da maƙwabta suka ga Kaira ta ci riba, sai kowace gunduma ta kafa tata: Surat, Baroda, Mehsana, Sabarkantha, Banaskantha. Kowacce da masana'antarta, da shugabanninta, da sunan kayanta. Kun san abin da ke biyo baya. Dukkansu kasuwa ɗaya suke hari, kowa zai karya farashi don ya kori ɗan'uwansa, asarar kuma a kan matan da ke cikin layin nan za ta ƙare. A 1973 suka zauna suka kafa tarayya ɗaya ta jihar baki ɗaya, wadda ita kaɗai za ta riƙa sayar da kayan kowa. Kaira kuma, wadda ta sha wahalar gina sunan Amul shekara da shekaru, ta miƙa sunan ga tarayyar kowa ya yi amfani da shi. Wallahi wannan ya fi kowane inji da na gani a Anand burge ni. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya saki abin da ya gina don maƙwabcinsa ma ya ci. Yau ƙungiyoyin gunduma 18 ne a ciki, da ƙungiyoyin ƙauye sama da 18,000, da mambobi kimanin miliyan 3.6. Hawa uku ne: ƙauye ya tara, gunduma ta sarrafa, jiha ta sayar. Kuma daga ƙasa ake zaɓo shugabannin kowane hawa.

Amfanin haɗuwar a fili yake. A nan ɓauna ta fi ba da madara lokacin sanyi, da zafi ya shigo sai ta ja baya. Gunduma ɗaya ba za ta iya da wannan hawa da saukar ba. Tun 1955 wani masani mai suna H. M. Dalaya ya gano yadda za a mai da madarar ɓauna ta zama gari, abin da ƙwararru suka ce ba zai yiwu ba. Don haka rarar lokacin sanyi sai a busar a ajiye, a fito da ita lokacin ƙaranci, wanda ya samu rara kuma ya tura wa masana'antar maƙwabcinsa. Ba a taɓa ce wa mai kiwo yau an ƙoshi, ka koma da kayanka.

Mu zo kan aikin yi, don na san shi ne damuwar yawancinku. Saurayin nan da ke gwada maiƙo ɗan ƙauyen ne. Magatakardan da ke riƙe da littafi ma haka, da wanda ke zagayawa a babur yana ɗura wa shanu iri mai kyau. Ƙungiyar gunduma ce ta horar da su, don ita ta san yawan hannayen da take buƙata. Ita ke ɗaukar likitocin dabbobi, ita ke da masana'antar abincin shanu. A cikin Anand akwai kwalejin koyon sarrafa madara, kusa da ita kuma akwai Vidya Dairy, masana'anta ta gaske da ɗalibai ke tafiyarwa da hannunsu kafin su gama karatu. A 1979 kuma Kurien ya kafa cibiyar IRMA don yaye manajojin da za su yi wa manoma aiki. Ku lura da tsarin: kasuwa ta fara samuwa, sannan aka koyar da sana'ar da kasuwar ke nema. Mu kuwa sau nawa aka tara matasa aka koya musu sana'a na 'yan makonni, aka raba takardar shaida da keken ɗinki, babu wanda ya tambayi wa zai sayi abin da za su yi?

A 1964 Firaminista Lal Bahadur Shastri ya zo buɗe masana'antar abincin shanu a Kanjari, ya kwana a ƙauyen Ajarpura yana hira da manoma. Shekarar da ta biyo baya aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa, hedikwatarta a Anand ba a Delhi ba. Daga 1970 zuwa 1996 ta gudanar da shirin Operation Flood, na yaɗa tsarin Anand a faɗin Indiya. Turai ta ba da kyautar madarar gari da man shanu. Da an raba su kyauta, da sun kashe kasuwar mai kiwo. Sai aka sayar a Delhi da Bombay da Calcutta da Madras, aka gina ƙungiyoyin ƙauye da kuɗin. Zuwa 1998 Indiya ta wuce Amurka, ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara.

Ba wai babu matsala ba. Siyasa ta shiga zaɓen shugabannin gundumomi sosai, shi kansa Kurien sai da ya ajiye shugabancin tarayyar a 2006 bayan saɓani da 'yan majalisarta. A wasu jihohin kuma, inda gwamnati ta riƙe ragamar ƙungiyoyin ta naɗa musu ma'aikatanta, abin bai yi ƙarfi kamar na Gujarat ba.

Ina tsaye a nan zuciyata na can gida. Da damina madara ta yi yawa a rugage, hanya ta yanke, 'yar Fulani ta sha tafiya da ƙwarya a ka, abin da bai ƙare ba ya yi tsami. Da rani kuma a nema a rasa. Mu kuma a gari da madarar gari ta ƙasashen waje muke haɗa shayi. Na san ba ɗaya muke da su ba: mai kiwon nan a zaune yake da dabba biyu ko uku a bayan ɗaki, namu kuwa da yawa suna tafiya neman ciyawa da ruwa, ga rashin tsaro, ga bunajinmu da ba ta wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana. Amma wannan ma hujja ce ta haɗuwa. Garken da ya yi damina a Jigawa yana iya yin rani a Kaduna ko Neja, wani ma daga Maraɗi ko Damagaram ya taso. Jiha ɗaya ba za ta iya bin sa da wurin tara madara ba. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, gwamnonin Arewa maso Yamma kuma suna da zaurensu. Abin da nake so in ji sun tattauna shi ne wurin sanyaya madara a kan burtali, gwajin maiƙo a gaban mai ita, biya a kan lokaci, da suna ɗaya da Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna za su sayar da kindirmo da shi, ragamar kuma a hannun makiyaya da matansu.

Ga tanka can ta iso, dole in ba su wuri. A bidiyo na gaba in Allah ya yarda zan tafi Palanpur a gundumar Banaskantha, yanki mai ƙarancin ruwan sama irin namu, mu ga yadda suke samar wa shanu ciyawa da rani. Sai mun haɗu.