Darasi: Tada tsohuwar ThinkPad X230 da Linux Mint, kai tsaye daga Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Auta, matso da kyamara nan su ga abin da ke bisa tebur. Yawwa, nan daidai. To wagga ita ce laftof ɗin da za mu yi aiki kanta yau, ThinkPad X230, ƙirar 2012, tokunbo ce, ga ma sauran gam na sitikar ofishin da sunka yi amfani da ita can ƙasar waje. Wani ɗalibi mai koyon Python, harshen rubuta manhaja, ya kawo ta, ya ce in ya kunna ta har ya yi alwala ya dawo ba ta gama buɗewa ba. Windows 10 ce a kanta, ita kuma an daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana son na'urar tsaro ta TPM 2.0 da farosesa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wagga kuma zubi na 3 ce. Don haka Linux za mu sa mata a madadin Windows, da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, da ƙarin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, shi ke nan.

Tun kafin in taɓa sukuddireba bari in amsa tambayar da kuke ta aiko mini, wai wace laftof mai arha ce ta fi. Ni dai aikina rubuta manhajar buɗaɗɗen tushe, kuma kusan duk abin da na taɓa turawa GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, a kan irin waɗanga tsofaffin na rubuta shi. Ra'ayina shi ne ka sayi wadda mutane da yawa ke da irinta a duniya, ko da ta fi tsufa. Kwanan baya wani yaro ya zo mini da sabuwa dal, siririya, tana ƙyalli, sunan da ke jikinta ban taɓa jin shi ba. RAM ɗin a like yake da allo, ba ya cirewa, ma'ajiyar gigabait 32 ce kawai. Munka sa Linux, sauti ya ƙi fita. Na kwafi lambar na'urar sautin na bincika, ba wanda ya taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta. Haka ya koma da ita shina amfani da sifika ta Bluetooth. Ita kuwa X230, littafin gyaranta na Lenovo yana nan kyauta da zanen kowane noti, akwai shafinta a ArchWiki da ThinkWiki, duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka, ya kuma rubuta maganin.

To mu fara. Na cire caja, na cire batir, wannan kun sani. A danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fice. Ga murfin RAM nan a ciki, noti biyu, kuma ba sa fita gaba ɗaya, kada ka yi ta juyawa kana jiran su faɗo. Ramuka biyu ne, tana ɗaukar har gigabait 16, takwas takwas. Yau huɗu za mu ƙara kan huɗun da ke ciki, abin da aljihun mai ita ya iya ke nan.

Nan ne zan ɗan daɗe, don nan mutane ke asarar kuɗi. Auta, kawo kusa sosai, su karanta rubutun. Kun ga an rubuta PC3L, da L a ƙarshe? Akwai PC3, akwai PC3L. A ido iri ɗaya ne, tsagar ma wuri ɗaya take, duk biyun za su shiga ramin. Bambancin a wuta yake: PC3 na cin bolt 1.5, PC3L kuma 1.35. X230 ba ta da zaɓe, tana karɓar kowanne. Amma laftof mai farosesa zubi na 4, kamar T440 ko X240, mai L take so. In ka sa mata maras L, fuska ta yi baƙi ƙirin, sai ka ɗauka allon ne ya ƙone, ka kwasa sai wurin mai gyara. Saboda haka ni ko na wace zan saya, mai L nake saye, in na canza na'ura gobe in tafi da abina. Kuma RAM wadda anka rubuta wa DDR4 ko PC4 wani gida ne daban, tsagarta ba ta ma dace da wanga ramin ba, kada a tilasta.

Ana sa shi a karkace, a tura har zinaren bakin ya ɓace, sannan a danne ƙasa. Ji... a'a, tsaya, gefe ɗaya bai kama ba. Bari in fitar in sake. Yawwa, kun ji ƙas ɗin nan sau biyu? Shi ake nema.

Sai ma'ajiya. Noti ɗaya ne a gefe, ka ja wanga ɗan harshen roba, ta fito. A lura, mai kaurin milimita 7 take ɗauka, mai 9.5 ba ta shiga, amma SSD na yanzu kusan duk bakwai ne. Robobin gefen nan biyu ku mayar da su kan sabuwar, kada a yar, su ke hana ta girgiza. Tsohon faifan kuma a saya mishi gida na USB ya zama wurin ajiyar kwafi. Na ɗaure, mun wuce.

Yanzu ƙura. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a garin nan ya san abin da nake nufi. Noti biyu masu alamar kibod a ƙasa, ka tura kibod ɗin wajen fuska, ka ɗaga a hankali don akwai siririn waya a ƙarƙashi. La ilaha illallahu, Auta dubi wanga abu, kamar an tankaɗe garin gero a ciki. Ka dafe fanka da yatsa ko tsinken sakace kafin ka hura, kada ka bar iska ta juya ta da ƙarfi. Buroshi mai laushi ya isa. Man da ke tsakanin farosesa da ƙarfen sanyaya ba zan canza shi yau ba, don a X230 sai an fitar da allon gaba ɗaya, wannan darasi ne mai zaman kanshi. Amma in Afrilu ta zo, zafi ya haura digiri 40, dole a yi shi. Kuma don Allah a daina aza laftof bisa katifa.

Auta na tambaya wai mi ya sa ban sa Ubuntu ba, wani nau'in Linux. Ai Mint ɗin ma daga Ubuntu aka gina ta, Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 take, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Na zaɓi mai fuskar Xfce don ba ta cin RAM, wanda ya saba da Windows kuma ba ya ɓata hanya. Ni a tawa Debian nake, amma ba na ɗora wa mai fara koyo ita. Filas ɗin nan Ventoy ke kanshi, manhajar da ke sa a iya tada laftof daga filas, ka shirya shi sau ɗaya, daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin ISO ciki, wato fayilolin da ake girka Linux da su. Fayil ɗin Mint ya kusa gigabait 3, to kowa ya san kuɗin data. In ka sauke, ka gwada shi da umarnin sha256sum, zai ba ka wata doguwar lamba, ka kwatanta da lambar da ke shafin Mint, don intanet ɗinmu na yankewa, fayil ya zo da rauni ba ka sani ba. Wanda ke cikin gari, Mabera ne ko Arkilla ko Runjin Sambo, kada ya ƙona datarshi, ya zo da filas ranar Asabar in kwafa mishi kyauta. Akwai kuma filas da na riga na shirya da SSD 'yan kaɗan na sayarwa, gwadaddu, ba na ba da abin da ban gwada ba. To, talla ta ƙare.

F1 shiga BIOS, wato saitin da laftof ke tashi da shi tun kafin Windows ko Linux, a kashe Secure Boot don kada Ventoy ya tsaya tambayar makulli, F10 a adana, F12 a zaɓi filas. Masu HP ku F9 ce taku, Dell F12. Af, ga abin da ya kamata in faɗa tun farko: ranar saye, a gaban mai shago, ka danna F1. In ta nemi kalmar sirri ta mai kula, shi kuma bai san ta ba, ajiye mishi abarshi, cire ta a ThinkPad ba aikin wasa ba ne. Kuma ka je da irin wanga filas. Ka tada Mint daga kanshi ba tare da ka girka komai ba, ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta upower -d. Dubi layi biyu, energy-full da energy-full-design. Na farko abin da batir ke iya ɗauka yau, na biyu abin da yake ɗauka ranar da anka ƙera shi. Da wannan za ka yi ciniki, rantsuwar awa biyar ba ta da amfani a nan.

Girkawa ba sai na tsaya ba, harshe, lokaci a zaɓi Lagos, a goge faifai tunda sabo ne, suna, kalmar sirri. Za mu yanke nan.

To mun dawo, ga ta ta tashi kafin Auta ya gyara zama. Wi-Fi ya kama da kanshi don katin Intel ne. Masu katin Broadcom, wanda ake yawan samu a wasu laftof masu arha, ku naku sai an sa direba, wato manhajar da ke sa katin aiki. Ka jona waya da kebul, ka kunna USB tethering, ka buɗe Driver Manager, zai nuna maka. Kada ka ce bari ka canza wa X230 kati da kowane iri, BIOS ɗinta na da jerin waɗanda ta yarda da su, in ba ya ciki za ta tsaya da kuskure mai lamba 1802. Haka batir, tana tantance shi, wanda ba ta gane ba sai ta ƙi yi mishi caji. To nan za ku ga amfanin jama'a: masu sa kai sun yi 1vyrain da ke cire wancan jerin, sun yi thinkpad-ec da ke buɗe maganar batir har ya ba ka damar sa kibod ɗin X220, coreboot ma na aiki a kanta. Ba wanda ya biya su. Sai dai ban ce kowa ya je ya taɓa BIOS ba, musamman a inda ake ɗauke wuta ba sallama. In ta yanke ana tsakar rubutawa, sai an nemo na'urar rubuta cif ɗin BIOS.

Abu biyu nake ƙarawa kullum. Na ɗaya zram-tools, shina matse abin da ke cikin RAM, mai gigabait 4 zai ji bambanci in ya buɗe shafuka da yawa. Na biyu tlp, mai kula da batir. A cikin fayil ɗin /etc/tlp.conf akwai wurin da za ka ce caji ya tsaya a kashi 80, ya dawo a 75. Ni dai a tawa haka nake yi don kullum a jone take da sola. Wanda ke jiran wuta ta zo ya cika ya tafi aji, ya bar shi a ɗari, ya fi mishi amfani. Sai kibod na Hausa, a saitin Keyboard ka ƙara Hausa ta Nijeriya, ka samu ƙ da ɗ da ɓ ba sai ka kwafo daga wani wuri ba.

Saura yadda ake neman taimako, don a rukuninmu na WhatsApp kullum sai wani ya turo "laftof ɗina ta ƙi aiki, a taimaka." Ɗan'uwa, wace iri ce? Mi ka taɓa kafin ta ƙi? Rubuta inxi -Fxz, ga shi a fuska, babban F ne, ƙaramin x, ƙaramin z. Shi z ɗin ke ɓoye lambobin sirri na na'urarka. Ka kwafi rubutun ka turo, hoton da anka ɗauka da waya a karkace ba ya karantuwa. Ka faɗi abin da ka gwada, ka kwafo saƙon kuskuren yadda yake. Haka ake yi ko a GitHub, kuma ba a duba Turancinka, bayanin ake dubawa. Na taɓa kai rahoton wata matsala da Turancina na makarantar gwamnati, wani bawan Allah da ban san ko wace ƙasa yake ba ya nemi in gwada gyaranshi, na gwada, ya yi, anka haɗa shi cikin manhajar. In an warware maka kuma ka dawo ka rubuta abin da ya yi aiki, kada ka ce "na gode ya gyaru" ka ɓace, mai zuwa bayanka shi ma amsar yake nema. Wanda bai iya rubuta manhaja ba tukuna, Common Voice na Mozilla na karɓar muryar Hausa, kuma muryoyin Sakkwatawa ma ana buƙatarsu.

Bari in sa git da python3-venv, kayan aikin rubuta manhaja, don mai ita ya tarar da ita a shirye. Auta, duba caji nawa ya rage a kyamarar? To ya isa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu kwance wagga ɗin dai har allo mu canza man farosesa, ku tanadi sifirit da auduga da ƙaramin faranti na zuba noti. Sai an jima.