Yunwar Hantsi a Ajin Nazare: Dalilinta da Abin da Ya Dace a Ba Yaro

Masu kallonmu, barkanmu da wannan lokaci. Duk malamar da ta taɓa riƙe ajin yara 'yan shekara uku zuwa biyar ta san cewa akwai lokacin da aji ke sauya kama, kuma galibi da hantsi ne, wajen ƙarfe goma na safe. Yaron da ya shigo da fara'arsa sai a ga ya kifa kai a kan tebur, yarinyar da ba a san ta da rigima ba sai ta fashe da kuka don an taɓa mata fensir, wani kuma ya kama hamma yana tsotsar wuyan rigarsa. Manya kan ɗauki wannan a matsayin fitina ko shagwaɓa, alhali sau da yawa yunwa ce, kuma yaro mai waɗannan shekarun ba lallai ne ya gane abin da ke damunsa ba, balle ya buɗe baki ya faɗa.

Domin a fahimci wannan yunwa, sai an koma daren jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin sa'o'i 10 zuwa 13 a kowace rana. Idan ya ci abincin dare da ƙarfe bakwai, ya kwanta, ya tashi da ƙarfe shida da rabi na safe, to ya shafe fiye da sa'o'i 11 babu abin da ya shiga cikinsa. A tsawon wannan lokaci jiki yana dogara ne da sukarin da hanta ta adana, tana sakinsa cikin jini kaɗan-kaɗan. Ajiyar da ke cikin hantar yaro ba ta kai ta babba ba, sannan jikinsa yana ƙona ta da sauri fiye da yadda jikin babba ke yi, saboda haka gari na wayewa an riga an ci ƙarfinta.

Babban mai cinye wannan ajiya ita ce ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne lamarin yara ya bambanta ƙwarai da na manya. A shekarar 2014, wani masani mai suna Christopher Kuzawa na Jami'ar Northwestern da ke Amurka, tare da abokan aikinsa, sun wallafa binciken da ya nuna cewa a wajen shekara biyar ƙwaƙwalwar yaro tana amfani da sukari kusan ninki biyu na abin da ƙwaƙwalwar babban mutum ke amfani da shi. Sun ƙiyasta cewa a wannan matakin, fiye da kashi 40 cikin ɗari na duk ƙarfin da jikin yaro ke bukata a rana yana tafiya ne ga ƙwaƙwalwa kaɗai. Wato a daidai shekarun da ake zaunar da yaro ana koya masa haruffa, da ƙirga, da jiran layi, da haƙuri da abokan wasa, a lokacin ne ƙwaƙwalwarsa ta fi kowane lokaci a rayuwarsa bukatar abinci. Ga shi kuma cikinsa ƙarami ne, masana kan kwatanta shi da girman dunƙulen hannunsa, don haka ba zai iya cin abin da zai riƙe shi daga asuba har azahar a zama ɗaya ba, komai ƙoƙarin mahaifiyarsa.

Akwai kuma matsalar karin kumallon kanta. Yara da yawa ba sa jin sha'awar abinci da zarar sun farka, musamman idan an tashe su barci bai ishe su ba, ga hanzarin wanka da sa kaya da gudun makara. Sai yaro ya yi loma biyu ko uku, ya kurɓi abin sha, a ce ai ya karya. Idan aka lissafa daga ƙarfe bakwai na dare zuwa goma na safe, sa'o'i 15 ke nan rabonsa da cikakken abinci. Abin da zai taimaka a nan ba mai wahala ba ne: a kwantar da yaro da wuri, a tashe shi da ɗan sauran lokaci yadda zai wartsake kafin a ajiye masa abinci, kuma a shirya abin da za a iya shiryawa tun da dare. Idan duk da haka ya ƙi ci, ɗura da tsawa ba za su gyara ba, gara a ƙara masa abin da zai tafi da shi, a kuma sanar da malamarsa cewa yau bai karya sosai ba.

Wannan ne ya sa masana abinci ke ba da shawarar cewa yaro mai waɗannan shekarun ya ci manyan abinci sau uku a rana, da ƙanana sau biyu ko uku a tsakaninsu, ta yadda ba zai wuce sa'o'i biyu zuwa uku bai ci wani abu ba. A ganinmu, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar abin motsa bakin da ake sa wa yaro a jaka a matsayin ƙwalama ko abin lallashi. Ƙaramin abinci ne, kuma ya cancanci a yi masa tunani kamar yadda ake yi wa na rana. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce a haɗa abu biyu: ɗaya mai ba da ƙarfi, kamar ayaba, ko tuffa, ko burodin alkamar da ba a cire mata dusa ba, ɗaya kuma mai gina jiki ko mai ɗan maiƙo, kamar dafaffen ƙwai, ko cuku, ko yogot marar sukari, ko dafaffen wake. Hikimar haɗin ita ce, abinci mai gina jiki da mai maiƙo da mai dusa suna daɗewa a ciki kafin su narke, don haka sukari yana shiga jini a hankali, yaro ya kai lokacin abincin rana ba tare da ya galabaita ba.

A kwatanta kwanukan yara biyu a lokacin hutun tara. Na farko ya buɗe nasa ya tarar da rabin ƙwai, da yankan burodi ɗaya da aka raba huɗu, da 'yan ɓarin lemun zaƙi da aka ɓare aka cire wa 'ya'ya, ga gorar ruwa a gefe. Na biyu ya zaro biskit mai zaƙi da lemon kwali. Babu shakka na biyun zai riga gamawa, kuma sauran yara shi za su zuba wa ido, amma abin da ya ci yana narkewa nan da nan, kuma kafin a tashi yunwar ta dawo masa. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa sukarin da ake ƙarawa a abincin yaro mai shekara biyu zuwa sama kada ya kai giram 25 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali shida, alhali gwangwani ɗaya na lemo mai gas, mai cin mililita 330, yana iya ɗauke da kusan giram 35. Hatta ruwan 'ya'yan itace tsantsa an yi masa iyaka: Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce a 2017 kada ɗan shekara huɗu zuwa shida ya sha fiye da mililita 120 zuwa 180 a rana, kuma cin ɗan itacen da kansa ya fi shan ruwansa.

Ya kamata a gyara wata fahimta a nan. An daɗe ana cewa sukari ne ke sa yara rawar kai da ƙiriniya, amma wani nazari da aka wallafa a 1995, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama da aka yi a kan yara, bai samu hujjar hakan ba. Illar sukari ta gaskiya tana wani wajen: yana cika ciki ba tare da ya ba jiki abin da yake bukata ba, yana sabar wa harshe da zaƙi, kuma yana lalata haƙori. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke kan haƙora suna mayar da shi sinadari mai tsami da ke cin fatar haƙori na tsawon minti 20 zuwa 30 ko fiye, don haka yaron da ke tsotsar lemo kaɗan-kaɗan tun safe har rana ya fi wanda ya sha sau ɗaya tare da abinci fuskantar ruɓewar haƙori.

Wannan ya kawo mu ga batun lokaci, wanda muhimmancinsa bai gaza na abincin ba. Yaron da aka bari yana ɗan taɓa wannan yana ɗan taɓa wancan duk tsawon safiya ba ya sanin yunwa ta gaskiya, ba ya kuma sanin ƙoshi, sai lokacin abincin rana ya yi ya ture kwano. Abin da ya fi shi ne a tsayar da lokaci guda, aƙalla sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin abincin rana, yara su wanke hannu da sabulu, su zauna, su ci cikin natsuwa, a rufe kwanuka. Wata ƙwararriya a fannin ciyar da yara 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta yi fice da wata ƙa'ida ta raba aiki: babba ne ke yanke abin da za a ci, da lokacin da za a ci, da wurin da za a ci, yaro kuma shi ke yanke ko zai ci da kuma yawan abin da zai ci. Malamar da ke tsayawa a kan yaro tana cewa sai ya cinye tas da kyakkyawar niyya take yi, amma tana koya masa ya yi watsi da saƙon da cikinsa ke ba shi. Haka nan, ƙin sabon abinci ɗabi'a ce ta yara tsakanin shekara biyu zuwa shida, kuma sau da yawa sai an gabatar wa yaro da abu sau goma ko fiye kafin ya karɓa, saboda haka dawowar kokwamba a kwano sau biyu ba dalilin daina sakawa ba ne. Ganin sa'o'insa suna ci a aji yakan yi tasirin da roƙon iyaye a gida bai yi ba.

Sai batun da ba a wasa da shi, wato shaƙewa. Hanyar numfashin ƙaramin yaro siririya ce, kuma bai gama ƙwarewa wajen tauna ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun yi gargaɗin kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba gyaɗa ko danginta a ɗunƙule, sai an niƙa. Inabi da ƙananan tumatir a tsaga su ta tsawo gida huɗu, ɗanyen karas a goge shi ko a ɗan dafa, a kuma nisanta yara da alawa mai tauri da gugguru. Kada yaro ya ci yana gudu ko yana kwance, kuma wajibi ne babba ya kasance a wurin yana kallo, domin yaron da abu ya toshe wa maƙoshi gaba ɗaya ba ya iya tari ko kuka, shiru kawai yake yi. Dole ne kuma makaranta ta san duk yaron da jikinsa ba ya jituwa da wani abinci, irin su madara, ƙwai, gyaɗa ko kifi, a hana musayar abinci a ajin da ke da irin wannan yaro. Abinci mai saurin lalacewa kuwa, kamar yogot da dafaffen ƙwai, bai kamata ya wuce sa'o'i biyu a waje ba tare da sanyi ba, kuma idan ana tsananin zafi lokacin ya ragu zuwa sa'a ɗaya.

Duk abin da muka faɗa ya shafi yaron da ya zo da kwano. Akwai wanda ke zuwa hannu rabbana, bai karya a gida ba, kuma babu abin da aka sa masa a jaka. Wani bincike da aka yi a Jamaika aka wallafa a 1989 ya nuna cewa rashin karin kumallo ya fi yin illa ga tunanin yaran da dama can ba sa samun isasshen abinci, wato wanda ya fi bukata shi ya fi cutuwa. Irin wannan yaro ba kasafai yake roƙo ba, yakan koma gefe ya ce ya ƙoshi, ko ya yi kamar yana neman wani abu a jakarsa har a gama ci. Makarantar da ta san aikinta takan ajiye ɗan abin ci na ko-ta-kwana, a ba shi ba tare da an nuna shi a gaban 'yan ajinsu ba, sannan a yi magana da iyayensa a keɓe cikin mutunci, domin wani lokaci rashi ne, wani lokaci kuma hanzarin safiya ne kawai.

Akwai kuma yunwa da kasalar da kwanon abinci ba ya magance su. Idan yaro yana cin abinci yadda ya kamata amma kullum a gajiye yake, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, yana iya zama ƙarancin jini ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana damun kusan kashi 40 cikin ɗari na yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar a duniya, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci na cikin manyan dalilansa. Idan kuma yana yawan jin yunwa da ƙishirwa, yana yawan fitsari har ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ga shi yana ramewa duk da cin da yake yi, waɗannan alamomin ciwon sukari ne nau'i na ɗaya, kuma ana bukatar a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar, kada a jira ƙarshen mako.