Yadda Ake Sharhin Kiɗan Rok da Littafin Zane a Tare

Assalamu alaikum. Dattawa, malamai, da matasanmu na Agege da Idi-Araba, barkanku da yamma.

Kada wani ya ɗauka kiɗan rok baƙo ne a Legas. A farkon shekarun 1970 ɗaliban St. Gregory's College da ke Obalende suka kafa ƙungiyar Ofege, ga kuma ƙungiyoyin BLO da Monomono, kuma a 1973 Ginger Baker, mai gangar rok ɗan Ingila, ya buɗe situdiyonsa a Ikeja. Yanzu kuma mazana irin na kamfanin Comic Republic da ke Legas suna fitar da labaran zane fitowa bayan fitowa. A Amurka akwai ƙungiyar Coheed and Cambria, wadda yawancin faya-fayanta labari ɗaya suke bi da jerin littattafan zanenta. To, idan aka miƙa maka faifai da littafi aka ce ka yi sharhi, me za ka auna?

Lokaci za ka auna. A kiɗa, makaɗi ne ke riƙe da linzami, minti tara ya ce, minti tara za ka zauna. A littafin zane kuwa linzamin yana hannun mai karatu. Sharhinka ya nuna inda biyun suka haɗu da inda suka raba hanya.

Ka saurari faifan sau uku. Na farko ba biro ba takarda. Na biyu ka riƙa rubuta minti da daƙiƙar da wani abu ya sauya: a 2:40 ganga ta yi shiru, a 4:15 jita ta fara kuka. Na uku shi ne tare da littafin. Kuma don Allah ban da lasifikar waya. Tana cinye ƙasan sauti, jitar bes ta ɓace, abin da aka raba wa kunnen dama da na hagu ya cakuɗe. Ka sa abin sauraro a kunnuwa biyu, ka nemi asalin faifan, domin wanda ya sha yawo daga waya zuwa waya sau da yawa an matse shi, ingancin sautinsa ya ragu.

Inda masu sharhi suka fi yin tuntuɓe shi ne ƙirga. Yawancin waƙoƙin rediyo huɗu-huɗu suke tafiya. Masu rok na gwaji sukan yi bakwai: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku. Wanda bai ƙirga ba sai ya rubuta cewa mai ganga ya kuskure, alhali ɗingishin da gangan ne. Ka tafa, ka ƙirga har zagaye takwas, in ya dawo daidai kowane zagaye, tsari ne. Haka ƙarar jita mai kaushi. Duk wanda ya san kukan goge ko kukuma ya san kaushin amo ba aibi ba ne. Tambayar ita ce, a ina aka sa shi, me ya zo yi?

A littafin, fitowa ɗaya irin ta Amurka ba ta cika wuce shafi 20 zuwa 22 na labari ba. Ƙirga gidajen zane na kowane shafi, wato akwatunan da aka raba hotunan a ciki. Tara ƙanana gudu ne, ɗaya da ya cika shafi tsayawa ce. Duba kuma inda aka ajiye abin mamaki: wurinsa shafin hagu, bayan an juya takarda. In ya faɗo a dama, ido ya riga ya gan shi, an yi asara. Shafi biyu masu haɗe da juna kuwa waya tana raba su, sai ka nemi bugun takarda ko allon kwamfuta.

Sannan ka jera rubutunka biyu gefe da gefe. Idan a 4:15 kiɗan ya hargitse amma shafin da ya dace da shi mutum biyu ne zaune suna hira, ka faɗa, ka kawo lambar shafin da daƙiƙar. Labarin kuma jimla biyu ta ishe shi, kada ka bayyana ƙarshensa.

Ga mai tambaya can baya, a miƙa masa makirfo.