Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Janar Ƙasim Sulaimani na Iran?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu biyu muka ɗauko yau, dukansu a kan mutum ɗaya. Ta farko daga wani malami ne a Damagaram, Jamhuriyar Nijar, yana neman tarihin Janar Ƙasim Sulaimani, yana kuma tambaya ko shi ne babban hafsan sojojin Iran.

To Malam, bari mu fara da ƙarshen tambayarka, domin nan ne mutane da dama ke tuntuɓe. Sulaimani bai taɓa zama babban hafsan sojojin Iran ba. Soja iri biyu ne a ƙasar: akwai na asali da ake kira Artesh, akwai kuma Dakarun Kare Juyin Juya Hali, wato Sepah, da Ayatullahi Khumaini ya kafa a 1979. A cikin Sepah akwai sojan ƙasa, na ruwa, sashen sama da makamai masu linzami, 'yan sa-kai na Basij, sai Rundunar Ƙudus mai aiki a ƙetare. Ita ce Sulaimani ya riƙe daga wajajen 1998 har mutuwarsa. A takarda yana da na gaba da shi, amma a aikace daga bakin Jagora Ali Khamenei yake karɓar umarni, shi ya sa ya fi wasu manyansa faɗa a ji.

An haife shi a 1957 a ƙauyen Ƙanat Malik da ke lardin Kerman, ɗan talakawa manoma. Yana shekara 13 ya tafi birnin Kerman leburancin gini don a biya bashin da ake bin mahaifinsa, daga baya ya samu aiki a hukumar ruwa. Bai yi makarantar hafsoshi kafin ya ɗauki bindiga ba, horon 'yan makonni kawai ya samu, yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 ne ya koya masa sauran. Bai kai shekara 30 ba aka ba shi runduna ta 41 mai suna Tharallah, ya shiga yaƙin ƙwato birnin Khorramshahr na Iran a 1982 da na kama yankin Faw na Iraƙi a 1986. Bayan yaƙi ya koma farautar masu fataucin ƙwaya a iyakar Afganistan.

Yadda yake aiki shi ne abin lura. Ba ya kwasar sojojin Iran da yawa ya kai wata ƙasa. Sai ya nemi 'yan gari masu ra'ayi ɗaya da Tehran, ya ba su kuɗi, horo, makamai da 'yan hafsoshi kaɗan masu ba da shawara. Haka ya yi da Hizbullah a Lebanon, da Kata'ib Hizbullah da Badar a Iraƙi. Da ya rasa isassun mayaƙa a Siriya, sai ya kawo 'yan Afganistan a rundunar Fatimiyun da 'yan Pakistan a Zainabiyun. A Yulin 2015 ya je Mosko, ƙarshen Satumba jiragen Rasha suka fara luguden wuta a Siriya. Ribar wannan tsari ita ce arha da kuma damar musanta hannu. Illarsa kuwa, ƙungiyoyin kan yi ƙarfin da gwamnatin ƙasarsu ba ta iya tanƙwara su, kuma kusan komai ya dogara da sanayyar mutum ɗaya. Magoya bayansa na tuna yadda aka karya ƙawanyar Da'ish a garin Amirli na Iraƙi a 2014 da ƙwato Tikrit a 2015. Mutanen Halab ta Siriya da aka rusa wa gari, da iyalan sojojin Amurka da bama-baman ƙungiyoyinsa suka kashe a Iraƙi, labarinsu daban ne, kuma su ma ba ƙarya suke ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kano, tana tambayar yadda aka kashe shi, da kuma ko rundunarsa ta taɓa shafar Najeriya.

Hajiya, abin cikin mako guda ya ƙwaɓe. Ranar 27 ga Disambar 2019 rokoki suka kashe wani ɗan kwangilar Amurka a wani sansanin soja da ke kusa da Kirkuk a Iraƙi. Bayan kwana biyu Amurka ta kai wa Kata'ib Hizbullah hari bisa zargin ita ce ta harba rokokin, ta kashe mutum 25. Ranar 31 ga wata magoya bayan ƙungiyar suka far wa ofishin jakadancin Amurka a Bagadaza. Bayan tsakar dare ranar 3 ga Janairun 2020, Sulaimani ya sauka a filin jirgin Bagadaza daga Dimashƙa cikin jirgin fasinja. Motoci biyu suka ɗauke shi da 'yan rakiyarsa, jirgi maras matuƙi samfurin MQ-9 ya harbe su bisa umarnin Shugaba Donald Trump. Mutum 10 suka mutu, har da shi da Abu Mahdi al-Muhandis, jagoran Kata'ib Hizbullah. Sulaimani ya saba yawo a fili, yana ganin kamar ba wanda zai iya taɓa shi, kuma hanyarsa ta zama sananniya. Iran ta rama ranar 8 ga wata da makamai masu linzami a sansanin Ainul Asad na Iraƙi inda sojojin Amurka suke, a wannan daren kuma dakarunta suka kakkaɓo jirgin fasinjan Yukren bisa kuskure, mutum 176 suka rasu. Mataimakin Sulaimani, Isma'il Ƙa'ani, ne ya gaje shi.

Batun Najeriya kuwa, a Oktoban 2010 an kama kwantena 13 na makamai daga Iran a tashar Apapa ta Legas, an ɓoye su cikin kayan gini. Amurka ta danganta su da Rundunar Ƙudus, kuma a 2013 wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure Ba'irane Azim Aghajani shekara biyar a kan lamarin.