Taswirar Kwamfuta da Aikin Tsaftace Filayen Soja

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci. Abubuwa uku na yi niyyar taɓawa: yadda ake haɗa taswirar filayen soja a kwamfuta, yadda ake bin sawun gurɓataccen ruwa da ita, sai kuma neman bama-baman da aka harba ba su fashe ba. Idan na wuce lokaci, shugaban zama ya ɗaga mini hannu, ko da yake ban yi alkawarin zan gan shi ba. (dariya)

Sansanin soja wuri ne da aka daɗe ana zubar da man jirage, da ruwan wanke injuna, da kumfar kashe gobara, da ragowar albarusai, galibi ba tare da an rubuta inda aka zubar ba. Aikin tsarin taswirar kwamfuta da ake kira GIS, wanda Roger Tomlinson ya kafa tubalinsa a Kanada cikin shekarun 1960, shi ne a ɗauki kowane bayani a ɗaure shi da wurinsa a doron ƙasa, sannan a jera bayanan hawa-hawa a kwamfuta: gine-gine a hawa ɗaya, rijiyoyi a wani, nau'in ƙasa a wani, domin a ga inda suka haɗu.

To amma hawan da ya fi burge ni, kuma ku yi haƙuri zan daɗe a kansa, shi ne na tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Mutum yana mantuwa, takarda tana ɓacewa, hoto kuwa yana nan yadda aka ɗauke shi. Sai ka ɗauko hoton wani sansani na farkon shekarun 1950, ka ga dogon rami a bayan wurin gyaran motoci, ga ganguna jere a bakinsa, ga sawun tayoyi ya nufi wurin. Ka ɗauko na bayan shekaru goma, ka tarar an binne ramin, ciyawa ta rufe shi, wataƙila ma an gina gidajen iyalan sojoji a kusa. Babu wanda zai tsaya a filin yau ya gane akwai rami, amma hoton ya riga ya tona asiri.

Sai dai ɗora tsohon hoto a kan taswirar yau aiki ne na haƙuri. Dole a nemo abubuwan da ba su gusa ba, kamar gada ko mararrabar hanya ko kusurwar tsohon gini, a daidaita hoton da su, domin jirgin da ya ɗauka yana iya karkacewa, gefen hoto kuma yakan miƙe fiye da tsakiyarsa. Bugu da ƙari, ma'aunin tantance matsayin wuri da aka zana tsofaffin taswirorin Amurka da shi, na 1927, ya sha bamban da na 1983, kuma a wasu wurare bambancin yakan kai gomman mitoci. Gomman mitoci, jama'a! Wanda ya manta da wannan zai haƙa rijiyar gwaji a gefen ramin, ya ɗebo ruwa mai kyau, ya rubuta rahoto cewa lafiya lau. Ina maimaitawa saboda masu rubutu a baya: zai rubuta cewa lafiya lau.

A Jamus har yau ana duba hotunan da jiragen ƙawance suka ɗauka a Yaƙin Duniya na Biyu kafin a fara gini a wurare da dama. Babban rami alama ce ta bam ɗin da ya fashe, ƙaramin huji a cikin jerin manyan ramuka kuwa shi ake tsoro, domin yana iya zama bam ne ya nitse bai fashe ba. A 2017 sai da aka kwashe mutane kimanin 60,000 a Frankfurt saboda bam ɗaya na Birtaniya da aka gano bai fashe ba.

Na ga shugaba yana duban agogo, don haka ruwa a gurguje. A sansanin Camp Lejeune na Amurka, mutane sun sha ruwan da sinadarai irin su TCE, na wanke maiƙo daga ƙarafa, suka gurɓata tsakanin 1953 da 1987. Wannan sinadari ya fi ruwa nauyi, yana nitsewa ƙasa, saboda haka ana haƙa rijiyoyin gwaji masu zurfi daban-daban, kwamfuta ta zana iyakar gurɓatar da inda ta dosa.

Na huɗu, ko na uku ne? To, bama-bamai dai. A sansanin Fort Ord da ke Kalifoniya, wanda aka rufe a 1994, masu aikin tsaftacewa sukan ƙone ƙungurmin daji da gangan, sannan su ja na'urar gano ƙarfe haɗe da GPS, kowane ƙarfe ya fito a matsayin ɗigo a taswira. Mafi yawan ɗigogin nan ɓaraguzan ƙarfe ne kawai, amma kowanne sai an tantance shi.

(Wata ɗaliba ta yi tambaya: idan taswira ta nuna fili babu ɗigo, ana iya gini a kai?)

Malama, kin taɓo abin da ya kamata in fara da shi. Filin da babu ɗigo yana iya zama an bincika ba a sami komai ba, yana kuma iya zama ba a taɓa shiga ba, kuma a allon kwamfuta kamarsu ɗaya idan mai zanen bai bambanta su ba. Ko a batun ruwa, abin da ke tsakanin rijiya da rijiya ƙiyasi ne na kwamfuta, komai kyawun launin da ta shafa masa. A tsibirin Kaho'olawe na Hawai, wanda sojojin ruwa suka yi ta gwajin bama-bamai a kai har 1990, an share saman kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar, amma ɗan kaɗan ne daga ciki aka bincika har zurfin ƙafa huɗu, sauran kashi ɗayan kuwa ba a share ba. Saboda haka kafin ki sa hannu a takardar gini, ki nemi hawan da ke nuna inda na'ura ta bi, da zurfin da take iya ji, da shekarar da aka yi binciken. Idan babu wannan hawan, ki mayar musu da taswirarsu su kawo shi.