Saita Makirfo a Miksa: Gen Daban, Feda Daban

Duba hannuna a nan, a kan layi na ɗaya. Sauti a miksa, wato na'urar haɗa sautuka da kowane makirfo ke da layinsa a jikinta, daga sama yake shigowa ya gangara ƙasa. Wayar makirfo tana shiga wannan soket mai rami uku, XLR, daga nan sai ta haɗu da abin murɗawa na farko. Wasu kamfanoni sun rubuta masa Gain, wasu Trim, masu aikin sauti kuwa gen suke ce masa. A kansa za mu daɗe, domin nan ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu tun ba a fara ba.

Wutar da makirfo ke fitarwa ƙarama ce ƙwarai, 'yan kaso kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya. Ita kuwa miksa da abin da ya ɗan haura bolt ɗaya take son aiki. Gen ne ke cike wannan tazarar, kuma a miksoci da yawa yana kaiwa desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), wato ninki dubu. Wannan da ake turawa sama da ƙasa, can a gindin layin, ita ce feda. Gen ke tsayar da yawan sautin da zai shigo, feda kuma ta raba abin da za a kai wa masu sauraro.

Saurari abin da ke faruwa in aka rikita su. Na rage gen, na tura feda da babban layin fita har ƙurya. Ka ji wannan "shuuu" ɗin a bayan muryar? Ƙarar na'urar ce na ɗaga tare da maganar. Yanzu na murɗa gen har ƙarshe, na sauke feda. Muryar ta yi ƙasa, amma ga ta a fashe tana kakkarwa. Tun daga bakin ƙofa ta lalace, babu abin da feda za ta iya gyarawa.

To ga yadda nake yi. Feda a ƙasa, gen a murɗe hagu, sannan in sa wayar. In makirfon kondensa ne, wato irin mai buƙatar wuta daga miksa, sai na danna maɓallin 48V zai yi aiki, amma bayan an jona wayar, ba kafin nan ba, kuma feda na ƙasa, don kada lasifika ta sha wannan "fau" ɗin. Irin su Shure SM58 da mawaƙa ke riƙewa ba su buƙatar wannan wuta. Tsohon makirfon ribon kuwa, mai ɗan siririn ƙarfe a ciki, kada ka kuskura, tana iya kashe shi.

Sai in danna PFL, wasu miksocin Solo suka rubuta. Shi ke nuna min sautin wannan layin shi kaɗai a fitilun mita da hedifon, ko da feda na ƙasa. Yanzu mai magana ya yi magana, ni kuma ina murɗa gen dama a hankali.

A nan akwai tarko. Ka ce wa mutum ya gwada makirfo, sai ya ce "ɗaya, biyu" cikin sanyin murya kamar mai jin kunyar surukai. Na taɓa saita wa wani mai jawabi a haka, da taro ya yi zafi ya ɗaga murya, jar fitila, alamar sauti ya yi yawa yana fashewa, ta kama ta ƙi mutuwa har ya sauka. Tun daga ranar nake cewa: malam, faɗi abin da za ka faɗa, da muryar da za ka faɗe shi. In miksar analog ce, bar fitilu su riƙa wasa a kusa da 0. In ta dijital ce, 0 shi ne rufin ɗaki, don haka tsaya wajen -18, kada ihu mafi ƙarfi ya wuce -6. Bayan nan ka ɗaga feda zuwa 0, ko inda aka rubuta U.

In gen na can hagu amma jar fitila na kamawa, kamar a gaban ganga, danna Pad, zai rage desibel 20 ko 26, ya danganta da miksar. Wannan ƙaramin maɓallin kuma mai 80 ko 100 a jikinsa yana yanke gurnanin ƙasa: takun ƙafa, iska, gogar hannu. Ni duk makirfon magana danna masa nake yi.

Wani lokaci ma ba gen ne matsalar ba. Duk sa'ad da nisan baki da makirfo ya ninka, kusan desibel 6 ke tafiya. Ce wa mai magana ya matso kamar faɗin yatsu huɗu, ya fi ka ƙara gen ka kwaso surutun ɗaki.

Da an fara shiri, ɗauke hannunka daga gen sai dole. Lasifikar da mawaƙi ke jin kansa da ita, da na'urar naɗa, duk a bayan gen suke. Ka taɓa shi, duk sun motsa tare, lasifika ta fara wannan kukan mai huda kunne. Ana son ƙara murya? Ga feda nan a ƙarƙashin yatsanka.